Numfashin Tanki

Tsakanin Oruro da Challapata,
inda ƙasa ta miƙe fayau, iska ba ta cika ƙirji,
can a-kori-kurar kawu Nemesio ta tsiri wani hali:
tafiyar rabin sa'a lafiya lau,
sai tari, sai fizga, sai tsit kamar an ɗauke ruwa.
Buhu goma sha huɗu na dankali a bayanta,
kasuwa kuwa ba ta jiran mai riƙe da sifana.

In na bar ta ta huta, na taɓa ɗan guzuri,
murɗa makulli ɗaya ta tashi kamar ba ita ba.
Rabin sa'a kuma, mu koma gidan jiya.

Bakanike na fari ya ce fulogai ne.
Na sayi huɗu sababbi fil, ta mutu a gaban maƙabarta.
Na biyu ya kwance kafireto, ya wanke, ya hure,
ya ce laifin tsauni ne, iska ta yi wa mai kaɗan.
Na biya. Ta mutu inda raƙuman lama ke kiwo,
suna tuƙa, suna kallona ta ƙarƙashin gashin ido.
Na uku ya yi tsaki, ya ce a sauke inji.
Daren nan abinci bai wuce maƙogwarona ba.

Wani mai faci ne ya nuna mini rumfar kwano
a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa.
Doña Eusebia Colque, hula a karkace,
baƙin mai ya zauna a zanen tafinta ya ƙi tashi.
Ko noti ɗaya ba ta taɓa ba.
Tambaya ta fara, kamar ungozoma.

"Da sanyi take mutuwa, ko sai ta ɗau zafi?
Hayaƙin fa? In shuɗi ne, baƙin mai take sha.
Fari mai kauri, ruwa ya ɓata hanya ya shiga ciki.
Baƙi, fetur ya fi ƙarfin iska."
Na ce babu ko ɗaya.

Ta zaro sandar awon mai, ta murza, ta shinshina.
Ta leƙa lagireto, ba kumfa, ba tsatsa.
Ta kafa bakin sukundireba a jikin inji,
ƙotar a kunnenta, ido a rufe.
"Zuciyarta garau," in ji ta.
"Mai son a sauke, kuɗin haya ne ya matsa masa."

Ta shiga gaba, ta ce ja mu je.
Hanya duk ba ta ce uffan ba, ganye kawai take tauna.
Da tarin ya fara, ni na nufi bonet,
ita ta zaga baya.
Ta murɗa murfin tanki sannu a hankali,
sai tankin ya ja dogon numfashi, fuuu,
irin na wanda aka daɗe da toshe wa baki.

"Ka ji ko? Yaushe ka sake murfi?"
Sai na tuna: watan biki na mance nata a gidan mai,
na tsinci wannan a teburin 'yan koli
don kawai yana ƙyalli.

"Na asalin yana da 'yar ƙofa, ba ta fi kan allura ba.
Mai na fita, iska ba ta shiga,
famfo ya ja, ya ja, har ya saduda.
Kai ma toshe hanci ka hau tudun can mu gani."

Ta zazzage wani gwangwani mai tsatsa,
ta miƙo mini murfin wata mota
da ta mutu tun ban san giya ba.
Kuɗi ta ƙi. Rabin buhu ta zaɓa,
ɗaya bayan ɗaya, tana jefar da masu tabo.

Mun isa Challapata ana naɗe rumfuna.
Mai ƙyallin yana nan gabana, yana gangara a kowace kwana.
Kawu Nemesio har yau cewa yake fulogai ne suka yi aiki,
don shi ya biya kuɗinsu.